Ranar Haihuwar da Mai Siber Ya Ba Ni

Wasu shekaru can baya, lokacin ina mataimakiyar jinya a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a nan Garwa, na taɓa faɗuwa intabiyun shiga makarantar jinya ba tare da an yi mini tambaya ko ɗaya a kan jinya ba. Abin ya wuce tuntuni, na yi karatuna na gama, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Bari in ba ku labarin yadda aka yi, ko na rage abin da ke cina.

Shekara goma sha ɗaya na yi a wannan matsayi. Mataimakiyar jinya ita ce mai wanke ciwo, mai juya majinyaci, mai kwashe abin da kowa ke kau da kai in ya gani. A ƙa'ida iyakarta ke nan. A zahiri kuwa ni ce mai nemo jijiyar jaririn da kowa ya soka ya kasa, ni ake ƙwala wa kira in haihuwa ta zo da gardama kafin likita ya iso. Duk shekara a kawo mana sababbin fitowa daga makaranta da difloma a hannu, in koya musu riƙe allura ba tare da hannu na rawa ba, bayan wata shida kuma su ne masu sa hannu a takarda, ni ina tsaye ina jiran umarninsu. Ban tsane su ba, Allah ya sani. Amma abin yana ci mini rai ƙwarai.

Komawa makaranta kuwa ba ta taso ba. 'Ya'ya uku gare ni, ga mahaifiyata da ta dawo wurina a unguwar Rumde Ajiya tun rasuwar mahaifina. Wa zan bar wa su in tafi wani gari shekara uku?

Majo ɗinmu, wato shugabar ma'aikatan jinya, dattijuwa ce Kirista 'yar duwatsun arewa, mai faɗa kamar me, amma in ta riƙe ka ta riƙe ka. Ita ta kira ni ofis wata safiya ta juyo mini da fuskar kwamfutarta.

"Ƙanwata, ga wata jami'a, komai ta intanet. Darasi a gida, aikin hannu a asibitin garinku. Shekara uku ki fito da diflomarki. Na gaji da ganin kina koya wa shugabanninki aiki."

Na karanta sharuɗɗan. Sau ɗaya suke ɗauka a shekara, kuma suna da iyakar shekarun haihuwa. Da na lissafa sai na ga a bakin iyakar nake cif. In na samu bana na samu, in na rasa, baɗi na tsufa a wurinsu, sai in ci gaba da kwashe tasa har ritaya.

A bayan kasuwa akwai wani dattijo mai siber, ɗan shago mai kwamfuta uku inda ake cike wa mutane takardu ta intanet. A da shi ne mai buga wa mutane wasiƙa da tafireta a bakin gidan waya, zamani ya juya shi ma ya juya. Duk unguwa wurinsa ake kai dosiye, wato tarin takardun neman makaranta ko aiki. Yadda ake yi, ka miƙa masa ambulan ɗin takardunka, ka tafi harkarka, da yamma ka dawo ka karɓi shaidar an tura. Haka na yi. Ina sauri zan koma aiki, na tsaya zan yi masa bayani, ya ɗaga mini hannu.

"Je ki abinki, 'yata. Ina cike takarda tun ba a haife ki ba."

Na tafi abina. Da yamma na karɓi 'yar takardar na cusa a jaka, ko kallonta ban yi ba. Ni da nake yi wa ɗalibai faɗa a kan su karanta kwalba sau uku kafin su zuƙi magani.

A nan sai na yi muku bayanin takardar haihuwata. A wani sansanin masunta aka haife ni a bakin ruwan Lagdo, lokacin mahaifina na sarin kifi, mahaifiyata na banda. Ba wanda ya je ya rubuta ni a ko'ina. Sai da zan yi jarrabawar gama firamare aka ce dole sai da takarda, mahaifina ya kai ni wurin likita ya duba haƙorana da tsayina, kotu ta buga hatimi, aka rubuta cewa an haife ni wajajen shekara kaza. Ba rana, ba wata. Haka yake a katina na ɗan ƙasa, haka yake a takardun makarantata. Sa'o'ina da yawa a nan arewa irin takardarsu ke nan, kuma ba wanda ya taɓa hana mu numfashi saboda ita.

Bayan sati biyu saƙo ya zo, an sa mini ranar ganawa ta bidiyo. Sati uku cur na yi ina shiri. Na tono tsofaffin littattafaina, na haddace lissafin ɗigon ruwan jiki, na bi alamomin jijjigar masu ciki ɗaya bayan ɗaya. Ina tuƙa tuwo ina amsa tambayoyin da ba wanda ya yi mini, da Faransanci, 'ya'yana na leƙe suna ƙunshe dariya. Na sayi sabon farin mayafi. Ranar ganawar har turare na fesa, wai don kwamfuta.

Majo ta ba ni aron ofishinta don intanet ɗin asibiti ya fi ƙarfi. Da hantsi ne, ga zafin Garwa na bazara, na kuma kashe fanka don kada ƙararta ta shiga magana. Allon ya buɗe. Wata matashiya ce da abin ji a kunne, sanye da rigar sanyi, ina ganinta na san ɗakin da take ciki ba irin nawa ba ne. A gefenta akwai wani baƙin akwati ba hoto, alamar wani na saurare bai nuna fuska ba.

Ta yi bayani da Faransancinta mai santsi cewa ganawar hawa uku ce. Na farko a tabbatar ni ce, na biyu dalilin da ya sa nake son karatun, na uku tambayoyin aiki. Ta kuma tuna mini cewa na yi rantsuwa a fom ɗin cewa ni na cike shi da hannuna. Na gyaɗa kai kamar na san da zancen.

Ta ce in ɗaga katina kusa da fuskata. Na ɗaga. In juya hagu, in juya dama. Na juya. Suna, na faɗa. Wurin haihuwa, na faɗa.

"Ranar haihuwa?"

Na faɗi shekarar.

"Rana da wata, Madam."

"Ai babu rana da wata a takardata. Ga katin nan kin gani, shekara ce kawai."

Ta kalli wani abu a gefe. "A fom ɗin da kika cike akwai rana da wata. Su nake so ki tabbatar mini."

 Na gane dattijon nan ya rubuta wani abu, kuma ban san me ya rubuta ba. Abin da ya kamata in yi shi ne in ce mata gaskiya, wani ya cike mini. To amma yanzun nan ta gama ambaton rantsuwa. Sai na yi ta maza. Na san ranakun da ofisoshi suka saba liƙa wa irinmu guda biyu ne, farkon shekara ko ƙarshenta, na ce a raina ɗaya dai zai faɗa daidai.

"Ɗaya ga Janairu," na ce, da muryar wadda ta tabbata.

Ta buga wani abu. "Ba haka ke rubuce ba."

"Afuwan. Talatin da ɗaya ga Disamba."

Ko ni da na ji abin da ya fito daga bakina na san na gama da kaina. Baƙin akwatin nan ya yi magana karon farko, muryar namiji ce. Ya tambaya ko akwai wani a ɗakin tare da ni. Na ce babu. Ya ce in ɗaga kwamfutar in zagaya da ita su gani. Na zagaya da ita, suka ga kabad ɗin Majo da kalandar kamfanin magani da fankar da na kashe. Sannan ya ce, a hankali, ko ni ce ainihin mai wannan dosiye.

Na shiga bayani, zufa na bin bayana. Na ce a bakin ruwa aka haife ni, ba asibiti, ba ofis, mu da yawa haka muke. Ban kai ƙarshe ba matashiyar ta katse ni, da ɗan murmushinta na aiki.

"Madam, kowa ya san ranar haihuwarsa."

Ta ce za su tuntuɓe ni ta imel. Allon ya mutu. Na ɗaga kai na duba agogon bango, minti shida aka yi.

Wannan kalma ta "kowa" ita ta tsaya mini a rai. Wane kowa? A ranar nan, a ɗakin da ke bayan bangon da nake jingine, akwai wani tsoho makiyayi da na tambaya shekarunsa ya ce a rubuta yadda aka ga dama, shi dai ya san ya girmi likita. Akwai mace mai ciki na bakwai da ta san watan da ta haifi kowane ɗa nata da abin da ake girbi a lokacin, amma ba ta san lamba ko ɗaya ba. Duk su ba kowa ba ne ke nan. Yarinyar da ba ta taɓa taka ƙasar nan ba, tana zaune cikin sanyin na'ura, ta share mu gaba ɗaya da jimla guda, har da murmushi.

Washegari imel ya zo. An dakatar da dosiyena saboda akwai shakku a kan ko mai neman gurbin ita ce ta bayyana a ganawar. Wato suna zargin an yi hayata ne in zauna a madadin wata. Shekara goma sha ɗaya ana ba ni amanar makullin kabad ɗin magani, ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa ɓata ba, yau ga ni a takarda 'yar sojan gona.

Ban ko cire kayan aiki ba na hau mashin sai siber. Na tarar da dattijon yana shan shayi hankali kwance.

"Baba, wace rana ka rubuta mini a fom ɗin nan?"

"Wane fom? Oho, na 'yan jinya." Ya jawo wani littafi ya bi da yatsa. "Ga ta nan. Ranar da kika kawo dosiye."

"Ranar da na kawo dosiye kuma?"

"To ya zan yi, 'yata? Injin ba ya wucewa gaba in an bar gurbin fayau. Da can ɗaya ga Janairu nake sa wa kowa, sai wani ofis ya dawo mini da tulin takardu wai ba zai yiwu unguwa guda a haife ta rana ɗaya ba. Tun daga nan duk wanda ya zo, ranar da ya zo ita ce ranarsa. Kowa da tasa, ba rigima."

"Shi ne ba za ka gaya mini ba?"

"Ai yana jikin takardar da na ba ki. Ba ki karanta ba?"

 Na zo da faɗa cike da ciki, ya mayar mini da rabinsa. Ko a jikinsa, har yana tambaya ko a zuba mini shayi. Na laluba jaka na ciro takardar, ta yamutse a ƙarƙashin kwalbar man shafawa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, wata rana a tsakiyar Maris.

Daga nan na shiga bin jami'ar. In ka kira waya, murya ce naɗaɗɗiya ke ce maka danna ɗaya, danna biyu, har katinka ya ƙare. In ka rubuta imel, amsa ta dawo cikin daƙiƙa cewa saƙonka na da muhimmanci a wurinsu. Sai da Majo ta rubuta musu a takardar asibiti mai hatimi, ta sa likita ya sa hannu, sannan wani ɗan Adam ya amsa. An ba ni kwana goma. In kawo takardar hukuma mai cikakkiyar ranar haihuwa, ko kuma in sake zama na ƙarshe in tabbatar da abin da ke cikin fom.

Na ce takardar hukuma zan nemo, don ni ba maƙaryaciya ba ce. Na ɗauki hutun kwana ɗaya, na ce wa mahaifiyata ta shirya ta raka ni Lagdo, don ita ta san mutanen can. Ban yi mata dogon bayani ba, na ce dai maganar takarda ce. Muka shiga motar safe. Tun daga tasha ƙanshin banda ya tare mu, ita kuwa sai gaishe-gaishe take da tsofaffin ƙawayenta da Fulatanci, ina ja tana tsayawa.

A ofishin magajin gari muka samu mai rajista, wani mutum mai haƙuri. Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da wani ƙaton littafi da gara ta ci gefensa. Ya nemo sunana. Abin da ke takardata shi ke ciki, wajajen shekara kaza.

Mahaifiyata da ke zaune a benci ta gaji da jin Faransanci. Ta taɓo ni.

"Wai me suke nema ne?"

"Ranar da kika haife ni, Inna."

"Shi ne aka taso mu tun daga Garwa? Ai da kin tambaye ni a gida." Ta gyara mayafi. "Asabar ce, shi ya sa kakarki ke kiranki da sunan ranar. Saura kwana biyu babbar Sallah. Ruwa aka wuni ana yi, itacen banda duk ya jiƙe, ina fama da wuta ta ƙi kamawa ciwo ya taso mini. Kin faɗo ana kiran la'asar. Ragon layyar babanki na ɗaure a bakin bukka, ya cinye mini gefen zanen da na tanada don goyo. Da sauran soyayyen naman layya aka yi sunanki."

Na san da damina aka haife ni, kusa da Sallah, wannan tun ina yarinya nake ji. Amma ban taɓa ɗaukarsa a matsayin ranar haihuwa ba, don a makaranta an koya mini cewa rana ita ce mai lamba. Shekara talatin da 'yan kai ina cewa ban sani ba, alhali wadda ta sani tana ɗaki ɗaya da ni tana tsince mini shinkafa.

Ashe mai rajista na jin Hausa. Ya ciro wayarsa, ya buɗe kalandar da ke haɗa watannin Musulunci da na boko, ya koma shekarar da ke takardata. Ya nemo babbar Sallah, ya ja baya kwana biyu. Ya ɗago ya dubi mahaifiyata, ya sake duban wayar.

"Asabar ce kuwa," ya ce. "Hajiya, kin fi littafin nan namu."

Ya faɗa mini lambar ranar da watan. Na rubuta a bayan ambulan. Ban san abin zai taɓa ni haka ba, sai da na ga tawadar ta jiƙe.

Na ce to ya rubuta mini a takarda ya buga hatimi. Ya girgiza kai. Ba shi da ikon ƙara ko ɗigo a abin da kotu ta yanke. Sai an koma kotu, da shaidu biyu da suka ga haihuwar, kuma a yadda ya san layin, in an yi sauri wata huɗu.

"Ungozomar ta rasu, babanta ya rasu," in ji mahaifiyata. "Ni ba shaida ba ce?"

"Uwa ita kaɗai ba ta isa ba, Hajiya."

Ta dube shi sheƙeƙe. "To da wa aka yi naƙudar?"

Ya rufe littafinsa. Muka yi masa godiya muka fito.

Duk da haka ban saduda ba. Na rubuta wa jami'ar dogon bayani, na sa ranar gaskiya, na faɗi yadda aka gano ta, na amsa laifina cewa wani ya cike mini fom. Amsarsu layi biyu ce. Ba za su karɓi ranar da ba ta da takardar hukuma ba, zaman ƙarshe zai duba abin da ke cikin fom ne kawai. Ku duba mini wannan hankali. Ranar da dattijon siber ya ƙirƙira yana kurɓar shayi ita ma ba ta da takardar hukuma. Fifikonta ɗaya, ta riga shiga injin. Maganar matar da ta yi naƙudar kuwa ba ta da gurbin da za a zuba ta.

Na kai wa Majo ƙara ina huci. Ta bar ni na gama tas.

"Ƙanwata, ni ranar Kirsimeti limamin cocinmu ya rubuta mini a matsayin ranar haihuwa, ni da duk 'yan ajinmu na coci. Da ita na yi karatu, da ita zan yi ritaya. Ki faɗa musu abin da ke cikin injinsu ki wuce."

"Majo, ƙarya ce fa. Yanzu ma na san ta gaskiyar."

"Na sani. Kina son gaskiyarki ko kina son difloma? Bana ce kawai gare ki."

Ranar zama na biyu mahaifiyata ta riga ni shiri. Ta ɗaura zanenta na zuwa biki, ta ƙulle katinta a bakin mayafi, ko goro ba ta ci ba don kada haƙoranta su yi ja a hoto. Na ce ina za ta. Ta ce asibiti mana.

"In sun ce ba su yarda ba, ki kira ni in gaya musu da bakina. Ke ki juya musu da Faransanci."

Muka tafi tare. Ta zauna a bencin baranda cikin masu jinya, daf da ƙofar ofishin Majo, ni na shiga na rufe.

Matashiyar nan ce dai, da rigar sanyinta. Ko alamar ta taɓa ganina babu. Kati, hagu, dama, suna, wuri.

"Ranar haihuwa?"

Ambulan ɗin Lagdo na kan cinyata, rubutun na kallona. Ina jin tarin mahaifiyata ta bayan ƙofa. Na buɗe baki na faɗi ranar mai siber.

"Madalla, na gode, Madam."

Shi ke nan. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Na zama ni.

Muka shiga sauran hawa biyun. Duk abin da suka jefo na cafe, don aikin da nake yi kullum ne. Can wajen ƙarshe mai baƙin akwatin ya ce ga tambaya ta halin ma'aikaci. In na tarar abokiyar aikina ta rubuta awon jinin majinyaci a kati alhali ba ta gwada ba, don kawai kada a bar gurbin fayau, me zan yi?

Na ji wata dariya mai ɗaci ta taso mini, na danne ta. Sannan na ce zan sa ta goge, in sake awon da kaina, in kuma sanar da shugaba, domin gara a bar gurbi fayau da a cike shi da abin da ba a sani ba. Ya ce amsa ta yi kyau ƙwarai. Ya ce irin wannan riƙon gaskiya suke nema a ɗalibansu.

Da na fito mahaifiyata ta miƙe tana gyara mayafi.

"Ba su neme ni ba?"

"Sun yarda, Inna."

"Da ranar?"

"Da ranar."

"Alhamdu lillahi. Ashe dai suna da hankali."

Kafin magariba duk layinmu ya ji cewa makarantar cikin inji ta karɓi maganarta ba tare da ta ko buɗe baki ba. Na bar ta a haka. Bayan sati aka turo mini takardar shiga.

Karatun kansa ban da abin cewa, malamai sun koyar, na wahala, na gama. Yau ni ke riƙe da ɗakin haihuwa a asibitinmu. Abin da na koya na farko mai sauƙi ne, duk takardar da aka rubuta da sunanka ka karanta ta kafin ka cusa a jaka. Wannan laifina ne, na ɗauka. Amma ba zan ɗauki sauran ba. Wanda ya zauna ya tsara fom don mutanen ƙasar nan, bai bar gurbi ga wanda takardarsa ba ta da rana ba, shi ya tilasta wa dattijon siber ƙirƙira, ya tilasta mini maimaitawa, sannan ya zauna yana auna gaskiyarmu. Har yau in na tuna yabon da mutumin nan ya yi mini sai na yi tsaki. Shi ya sa duk jaririn da ya faɗo a hannuna nake rubuta rana da wata da minti, in kuma tsare uban a baranda in ce ya je ya yi masa takarda tun kafin ya sayi ragon suna. Suna cewa na cika naci, na yarda.

Ranar da diflomar ta iso na sa ta a gilashi na kawo wa mahaifiyata ɗaki. Ta goge hannu a zane ta karɓa, ta ce za a kafa ƙusa a saman gadonta. Sannan ta ce in karanta mata duk abin da ke jiki, kada in tsallake komai. Ina karantawa ina juya mata da Hausa. Na zo layin haihuwa. Da na so da na tsallake, ba za ta sani ba. Amma shekara uku ina ɗauke da abin, na gaji. Na karanta yadda yake.

"Maris," ta maimaita. "Wane lokaci ne Maris?"

"Bazara, Inna. Kafin ruwa ya sauka."

Ta daɗe tana kallon gilashin. Ba ta tambaye ni yadda aka yi ba, ba ta yi faɗa ba. Ta miƙo mini da hannu biyu.

"Kai ta wurin aiki ki rataye. Ni ban haihu da bazara ba."

Can na rataye ta, a bangon ofishina. Duk wata mahaifiyata na zuwa in gwada mata hawan jini, kuma duk zuwan da za ta yi sai ta ja kujerar ta juya wa bangon baya kafin ta miƙo mini hannu.